Na sayi Camry ta hannu: wanki zan fara yi mata ko juye?

"Assalamu alaikum Malam. Mako biyu ke nan da Allah ya hore mini na sayi Toyota Camry ƙirar 2009, wadda ake ce wa Muscle. Beljiyam ce, daga Amurka aka kawo ta, ba wanda ya hau ta a nan. Mita tana nuna 128,000. A wurin dillali sai ƙyalli take yi, amma da na kawo ta gida na fara jin wani wari a ciki idan ta kwana a rufe, dashbod yana danƙo, fentin rufi ya dushe, fitilun gaba kuma sun yi rawaya. Abokaina sun ce in kai ta a wanke inji a yi mata folish. Bakanikena ya ce a cire tamostat, a zuba mata baƙin mai mai kauri saboda zafin ƙasarmu. Kuɗin da ya rage mini ba shi da yawa. Da me zan fara, kuma yaya zan riƙe ta ta daɗe?" Wani mai karatu daga Kaduna.

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe.

Idan na fahimce ka, Malam, kuɗi ne kaɗan a hannu, masu ba da shawara kuma da yawa, kana so ka san ƙofar da za ka fara shiga. Ka fara da wanki, sai dai ba irin wanda abokanka suke nufi ba. Wankin farko na motar hannu bincike ne. Ana yin sa don a tuɓe mata kwalliyar da aka yi mata a wurin sayarwa, ka ga ainihin abin da ka biya kuɗi a kai. Abin da ka gani shi zai nuna maka inda kuɗin zai tafi, kuma kusan kullum wajen mai da taya da birki yake tafiya. Folish shi ne ƙarshen layi. Ban taɓa jin motar da ta tsaya a hanyar Zariya don ba a yi mata shi ba. Da kanikanci na fara kafin in buɗe wurin wanki da gyaran fenti a Kano, kuma irin motarka tana cikin waɗanda suka fi shigowa hannunmu, don haka zan yi maka bayani a kanta ita kanta.

Hanyar da ta biyo kafin ta zo hannunka

Da yawa daga cikin motocin Amurka da ke shigo mana daga gwanjo ake sayo su, a kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora suke zubar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Ba dukansu ba ne, akwai masu lafiya ƙalau, amma gara ka ɗauka taka tana da tarihi har sai ka tabbatar ba ta da shi. Daga filin gwanjo ta shiga jirgin ruwa, ta sauka Tin Can ko Apapa ko Kwatano, ta yi makonni a rana gilasai a rufe. In akwai inda ta bugu an buga an fesa. Sannan aka shafe tayoyi da dashbod da mai sa ƙyalli, aka wanke inji, aka jefa turare ƙarƙashin kujera. Shi ya sa warin bai fito ba sai da turaren ya ƙare.

Wannan 128,000 da kake gani mil ne, tunda motar Amurka ce. A kilomita ta haura 200,000, in ma ba a taɓa mitar ba. Dubi robar da ke kan fedar birki, da sitiyari, da gefen kujerar direba wajen da ake shiga. Idan sun suɗe sosai, motar ta fi abin da mita take faɗa tafiya.

Nemi lambar casis, mai haruffa da alƙaluma 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma dole biyun su zo ɗaya da wadda ke takardar kwastam. Na goma a jerin zai zama 9 idan da gaske 2009 ce. Idan ta fara da 4T1, a Kentucky aka ƙera ta. Idan JT ce, daga Japan. Da wannan lamba za ka sayi rahoton tarihin motar daga kamfanin Carfax a intanet, ko ka duba kyauta a shafin NICB, wata ƙungiyar Amurka mai bin diddigin zambar inshora, ko an taɓa rubuta ta a matsayin ta sata ko wadda inshora ta yanke wa ƙauna. Abin da ni na fi dubawa a rahoton shi ne jihar da ta zauna. Motar Michigan ko Ohio ko New York ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, matsalarta tsatsa ce ta ƙasa. Motar Texas ko Florida ko Louisiana kuwa ruwa ake ji mata. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, Ian ma ta yi nata ɓarnar a Florida a 2022, kuma irin waɗannan motoci ƙasashenmu suke gangarowa.

Wankin da ake yi da tocila a hannu

Je wurin wankin da ke da rami ko abin ɗaga mota, kuma ka je da bakanikenka. A fesa ƙasanta da ruwa zalla har laka ta fita, sannan ku shiga da tocila da sukuddireba. Tsatsar da ta yi ja-ja a saman ƙarfe kawai ba abin damuwa ba ce. Wadda ke ɓarewa falle-falle, ko sukuddireba ta huda ta, ita ce abin tsoro, musamman a ƙarfen da ke ɗauke da inji da ƙafafu, da siraran bututun man birki da suka bi ta ƙasa zuwa baya. Bututun birki da ya ci tsatsa a sauya shi a ranar. Ku duba ko indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke jikinta, yana nan, don akan yanke shi a hanya a liƙa bututu fanko a madadinsa. Kada ka yarda a fesa wa ƙasan mota mataccen baƙin mai ko gas wai maganin tsatsa. Yana cin robobin ƙafa, ƙura kuma ta manne, gobe ba ka iya gane inda mai yake yoyo.

Daga nan a koma ciki, a fitar da komai: kafet na sama, tayar safiya, jak, duk abin da ke but. Ramin tayar safiya shi ne wurin da masu kwalliya suka fi mantawa. Idan ka ga busasshiyar laka ko zanen da ruwa ya bari a kewaye, ka lura. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, domin ƙarshen da ke naɗe a ciki ba ya wankuwa, kuma yakan riƙe tabon ruwa. Leƙa ƙarafan da kujeru ke gudu a kai, da kusoshin ƙarƙashin dashbod. Ƙarfen cikin mota ba shi da dalilin yin tsatsa sai in ruwa ya kwanta. Ɗaga gefen babban kafet ka tura hannu, akwai soso mai kauri a ƙarƙashinsa. Saman kafet yakan bushe ƙamas alhali sosan yana jiƙe sharkaf.

Kafin ka tsorata, yawancin warin da ake kawo mana ba na ambaliya ba ne. Bayan akwatin da ke gaban fasinja akwai filtar iskar AC, ciro ta ba ya wuce minti biyar. Mun sha ciro ta baƙi ƙirin, da ganyaye, wani lokaci har da sheƙar ɓera. Sauya ta. Sannan kunna AC na minti goma ka leƙa ƙasa ta ɓangaren fasinja, ya kamata ka ga ruwa yana ɗiga. In ba ya ɗiga, ƙaramin tiyon da ke fitar da shi ya toshe, ruwan yana komawa cikin kafet, kuma waya ko iskar kwamfireso kaɗan ta isa ta buɗe shi. Idan motar mai buɗaɗɗen rufi ce, nata magudanan ma suna toshewa. Robar murfin but ita ma takan saki.

Inda sosan ya jiƙe, babu dabara sai a ciro shi a shanya a rana kwana biyu ko uku. Wanda zai kwance kujeru ya fara cire kan batir ya ɗan jira, saboda wayoyi masu rawayan soket da ke ƙarƙashin kujera na jakar iskar hatsari ne. Kujerun yadi kumfa ake sa musu, a goga da burushi mai laushi, a zuƙe da injin zuƙa. Yaran da ke kwara musu ruwa da bokiti su ne suke haifar da warin da za ka dawo kana ƙorafi a kai bayan mako guda. Yadin rufi kuwa gam ne ya riƙe shi, idan ya jiƙe zai saki ya zazzago maka a ka, don haka tsumma mai ɗan danshi kawai ake bi da shi. Na san mutanenmu da turaren wuta, har a mota ana sa kasko. Ka bari sai an kashe tushen warin, in ba haka ba hayaƙin ya haɗu da ruma ya kama rufi, sai ka rasa wanne za ka cire. Gawayi a cikin kwano ko garin bekin soda a barbaɗa a kafet a kwana suna jan sauran warin.

Idan kuwa alamun ambaliya sun taru, laka a ramin safiya da tabo a bel da tsatsa a ƙarƙashin dashbod, to magana ta bar hannun mai wanki. Sai ƙwararren mai waya ya buɗe soket-soket ya ga ko sun yi kore. Irin wannan mota takan yi wata shida lafiya sannan ta fara rikici ɗaya bayan ɗaya, kuma ni ba na ba mutum shawara ya zuba mata kuɗin kwalliya. Ko babu alamar ruwa, a sa mata kwamfuta a karanta. Kai ma akwai gwajin da za ka yi: murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar inji da ta birkin ABS da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, wani ne ya kashe ta don kada ta tona asiri.

Batun wanke inji, ka dakata. An riga an wanke shi kafin a sayar maka, abin da kake buƙata yanzu shi ne ya yi datti ka ga inda yake zubarwa. Yi mako biyu kana hawa, sannan ka buɗe bonet da rana. Jiƙar mai a gefen murfin saman inji gasket ne, aiki mai sauƙi. Busasshen abu ruwan hoda a kusa da fanbel kuwa famfon ruwa ne ya fara yoyo, kuma wannan inji an san shi da haka. Ranar da za a wanke, inji ya huce tukuna, a rufe altaneta da akwatin fiyus da bakin shigar iska da leda, a yi amfani da sabulun cire maiƙo da burushi, ruwa kuma a hankali. Kowane filogi a wannan mota da kwayil ɗinsa a kansa, ruwa mai ƙarfi yana shiga ramin, ka fito daga wurin wanki mota tana rawa. Fetur da kananzir ba kayan wanke inji ba ne.

Mai, ruwa, da shawarar bakanikenka

A nan kuɗinka zai fara tafiya. Ba ka san ranar da aka zuba ko ɗaya daga cikin man da ke motar nan ba, don haka ka ɗauka duk sun tsufa.

Injin Camry 2009 mai silinda huɗu shi ne 2AZ-FE, mai lita 2.4. Yana cin baƙin mai wajen lita 4.3 har da filta, kuma abin da Toyota ta rubuta masa 5W-20 ne ko 0W-20, duba murfin wurin zuba mai za ka gani. Bakanikenka yana nufin 20W-50, wanda muka saba da shi tun zamanin Peugeot 504. Hujjarsa zafi, amma inji mai lafiya a wajen digiri 90 yake aiki, a Kaduna yake ko a Kanada. Ita wannan motar ana hawanta a Arizona, inda zafin bazara ba ya kasa na Sakkwato, da siririn man nan. Injin yana da ƙananan hanyoyin mai da ke sarrafa buɗewar bawul, kuma mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, lokacin da inji ya fi cin kansa. Ni a irin wannan tafiya da ta yi nakan zuba 5W-30 na sintetik mai kyau. Akwai abokan sana'a da suke tsayawa a kan 5W-20 ɗin, ba na jayayya da su. A kan 20W-50 ne ba na sassautawa.

Ga abin da dillali ba zai gaya maka ba. Wannan inji, musamman na 2007 zuwa 2009, an san shi da shan baƙin mai saboda yadda aka yi fistin da ringinsa. Toyota da kanta ta amsa, har ta gyara wa mutane a Amurka, kuma ma'aunin da ta sa shi ne idan mota ta sha kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900. Wannan rangwame ya daɗe da ƙarewa, kuma bai zo nan ba. Sau da yawa ba ka ganin hayaƙi, ba ka ganin ɗigo a ƙasa, man yana tafiya shiru. Mafi yawan injinan Muscle da na ga sun buga, masu su suna yin juye a kan lokaci, tsakanin juye da juye ne ba sa jan sandar awo. To bayan juyen farko, ajiye motar a wuri mai daidai, ja sandar da safe kafin ka tayar, ɗauki hotonta da waya, ka rubuta abin da mita take nunawa. Maimaita duk mako. Bayan kilomita 1,000 za ka san halin injinka. Idan tana sha kaɗan, ka riƙa yawo da lita ɗaya a but kana cikawa, za ta yi maka shekaru a haka. Idan tana sha da yawa, magana ta koma ta ringi, kuma gara ka san haka kafin ka kashe kuɗin a fenti. Mai kauri yana rage shan a ido, amma ƙananan ramukan fistin da suka toshe ƙara toshewa suke yi.

Juyen farko ka gajarta shi, kamar kilomita 2,000, don ya kwaso dattin da ya tarar. Daga nan duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Ƙurarmu da cunkoson cikin gari ba su barin a ja shi kamar yadda ake yi a Turai. Ban son maganin wanke cikin inji da ake zubawa a tsohuwar mota, yakan ɓamɓaro dauɗa ta je ta toshe rariyar famfon mai. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, don haka saya a gidan mai na kamfani ko babban dila, galan a rufe, a buɗe a gabanka, ka huda galan ɗin in an gama. Injin nan sarƙa yake da ita a ciki, wanda ya ce maka a sauya bel na taimin bai san motar ba.

Tamostat kuma a bar shi inda yake. Aikinsa ya tsare ruwa har inji ya kai wajen digiri 82 sannan ya buɗe. In an cire shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar tana ganin har yanzu da sanyi sai ta ƙara fetur, fetur ɗin yana wanke man jikin silinda, mota ta ƙara shan mai iri biyu. Ɗan'uwan wannan aiki shi ne haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa, shi ma kada ka yarda. Ban ce bakanikenka mugu ba ne, haka aka koya mana duka a gareji. Idan mota tana zafi akwai dalili: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, fanka ta gaji, ko famfon ruwa. Idan tamostat ɗin ne ya maƙale, sabo ake sawa. A zubar da ruwan da ke ciki a sa kulan na Toyota ruwan hoda, wanda yake zuwa a haɗe. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin ƙanzo a lagireto, yana cin alminiyom, kuma injin nan na alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya ƙona gasket.

Man giya Toyota WS ne, shi kaɗai. Jan man Dexron da ake sayarwa ko'ina na sitiyarin motar ne, kuma na ga giyoyi da dama da suka lalace saboda an ce ai duk ja ne. A kwance a tsiyaye abin da ya fito, lita uku zuwa huɗu, a mayar da daidai shi. Kada a sa injin da ke tura mai da ƙarfi a giyar da ba a san tarihinta ba. Idan man ya fito baƙi yana ƙauri, a gwada giyar sosai kafin a taɓa komai. Man birki DOT 3 ne, yana shan danshi da kansa, a sauya shi gaba ɗaya. Filogin asali na iridiyam an yi shi ya kai mil 120,000, ka ga naka lokacinsu ya yi. Denso ko NGK na gaske. Filtar iskar inji ma sabuwa.

Taya da kafet ɗin direba

Taya mai zane da kyau tana iya zama tsohuwa. A gefenta, bayan haruffan DOT, akwai alƙaluma huɗu na ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take faɗa wa direbobi. Ni duk tayar da ta haura shekara shida, ko gefenta ya fara tsattsagewa, ba na barin mai ita ya hau babban titi da ita. Idan ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinta, tayar sanyi ce, robarta tana da laushi, kwaltar watan Afrilu za ta cinye ta. Iska kuma ka bi abin da ke takardar bakin ƙofa, wajen talatin ne. Lambar 44 ko 51 da ke jikin taya iyakarta ce, masu faci da yawa ita suke bi.

Wani abu da ba a ɗauka da muhimmanci: kafet ɗin ƙafar direba. A 2009 Toyota ta yi kiranyen motoci wajen miliyan 3.8 a Amurka, har da Camry irin taka, saboda kafet yana zamewa ya danne totur. Mu kuma a nan sai mu ɗora na roba a kan na yadi, wani ma ya ƙara da darduma. Guda ɗaya tak za ka sa, a maƙale shi a ƙugiyoyinsa, kuma ka duba duk lokacin da aka fito daga wanki.

Dashbod, fenti da fitila

Danƙon dashbod ba datti ba ne, kuma ba laifin dillali ba ne. Robar da aka yi na Camry 2007 zuwa 2011 da ita tana narkewa a zafi da danshi, har a ƙarshen 2014 Toyota ta amince ta sauya wa masu su a Amurka. Ba ya wankuwa. Tsumma mai laushi da ruwan sabulu kaɗan zai rage, amma fetur ko tina ko man ƙyallin da yaran wanki ke fesawa ƙara narkar da shi suke. Mafita mai araha ita ce a ɗinka masa murfi mai duhu wanda ba ya ƙyalli, a bar ramukan iska da wurin jakar iskar fasinja. Hakan yana kuma kashe hasken da yake mayarwa a gilashi da rana, wanda shi ne haɗarin gaske. Daga baya in hali ya samu ka nemi wani a Panteka, ka taɓa shi da hannu a rana kafin ka biya, don da yawa ciwonsu ɗaya.

Fentin mota yana da wani siririn rufi mai sheƙi, garau kamar gilashi, a samansa, wanda kaurinsa bai kai na takardar littafi ba. Folish kankare wannan rufi yake yi kaɗan don ya daidaita. Saboda haka ka fara gane irin dushewar fentin saman motarka. Jiƙa wurin da ruwa. Idan sheƙi ya dawo yana jiƙe, kuma da ya bushe babu ɓawo, folish mai laushi zai farfaɗo da shi. Idan ya yi fari-fari yana ɓarewa da gefe-gefe, rufin ya mutu, injin folish zai ƙarasa shi ne kawai, sai dai fesawa. Mai gaskiya zai gwada maka a wuri kamar tafin hannu kafin ya bi motar duka. Ka kula da masu sa injin gurza ƙarfe da maganin kankara mai kaushi, mota ta yi ƙyalli a inuwa, a rana ka ga zane-zane kewaye, gefunan bodi kuma sun ƙone. Bayan folish dole a bi da kakin fenti, a maimaita duk wata uku. Rufin siramik da ake talla yana da kyau a fenti mai lafiya, amma ba ya hana karce, kuma a halin da kake ciki ba shi ne a gabanka ba.

Fitilu kam ka gyara su da wuri, don wannan maganar gani ce da dare. A liƙa tef a kewaye, a goge da samfefa ana zuba ruwa, daga lamba 1000 zuwa 2000 zuwa 3000, a yi folish, sannan a fesa musu rufi mai kare hasken rana. In an tsallake wannan na ƙarshe, cikin 'yan watanni za su koma yadda suke. Man goge baki da ake faɗa yana ɗan haskawa, ba ya daɗewa.

Riƙon yau da gobe

Abin da ya fi kashe fenti a Arewa shi ne goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma kowace safiya. Ƙurar nan ɓarɓashin yashi ce, duk shafa ɗaya karce ne. Gaya wa mai gadi ko yaron gida, in babu ruwa a bar ta da ƙurarta. In za a wanke, a fara kwarara ruwa ya tafi da yashin, a wanke daga sama zuwa ƙasa da sabulun mota, bokiti ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, sosan taya kuma daban. Omo yana cire kakin da ka biya kuɗi aka shafa, yana kuma busar da robobin gilashi. A yi a inuwa, a tsane da tawul mai laushi kafin ruwan burtsatse ya bushe ya bar tabo. Inuwar darbejiya tana da daɗi, amma kashin tsuntsu da na jemage da 'ya'yan itacen suna cin fenti cikin kwana ɗaya ko biyu a zafi, don haka in ka gani ka jiƙa ka ɗauke a ranar. Tampol a kan mota mai ƙura, iska na kaɗa shi, shi ma gurza yake yi.

Da hunturu ka riƙa duba filtar inji duk wata, kuma bugunta da iska sau ɗaya ko biyu ne, daga nan sai sabuwa. Kafin damina a sauya robar waifa, a share ganyen da ke taruwa a ƙasan gilashin gaba, don nan ne ruwa ke bi ya shiga ciki. Camry ba ta da tsayi, kuma bakin shan iskarta yana gaba, in ruwa ya rufe titi har rabin taya ka nemi wata hanya.

Duk wannan na faɗa ne ban ga motar ba. Ƙarar ƙafa, yadda giya ke shiga, da ƙarfin silinda sai wanda ya hau ta ya kuma sa ma'auni. Idan bakanikenka ya dage a kan cire tamostat bayan ka yi masa wannan bayani, ka bar masa aikin ƙafa da birki, ka nemi wanda ya saba da Toyota mai kwamfuta ya riƙe maka inji da giya.